Yadda Ake Shirya Tafiyar Ikilisiya a Babbar Bas Zuwa Gidan Sarauta da Lambunsa a Ingila

A ƙasar Ingila daɗaɗɗiyar al'ada ce ikilisiya ta ɗauki shatar babbar bas sau ɗaya a shekara, ta kwashi jama'arta, manya da yara, zuwa bakin teku ko zuwa ɗaya daga cikin manyan gidajen sarauta da ke karkara, a wuni a can, a dawo da yamma. Masu bi da suka fito daga Jos da Kaduna da Gombe da Yola, waɗanda aiki ko karatu ya kai su biranen arewacin Ingila, su ma sukan so irin wannan fita, musamman da yake akwai waɗanda sun shekara uku ko huɗu a ƙasar ba su san wata hanya ba sai ta gida da wurin aiki da majami'a. Wannan bayani domin wanda aka ɗora wa nauyin shirya tafiyar ne, kuma na ɗauki gidan Chatsworth da ke gundumar Derbyshire a matsayin misali, saboda yana kusa da Sheffield da Manchester, kuma yana da abin kallo ga kowane tsara. Abu biyu ne ya kamata su ja ragamar shirin tun daga farko har ƙarshe: agogon direba, da ƙafar wanda ya fi kowa rauni a cikin ayarin.

Mataki na farko: amincewar dattawa da kafa ƙaramin kwamiti

Kafin a furta maganar a gaban jama'a, sai a kai ta wurin fasto da dattawan ikilisiya, domin tafiyar da sunan ikilisiya za a yi ta, kuma idan wani abu ya faru ikilisiya ce za a tambaya. Bayan sun amince, a naɗa mutum huɗu, kada a wuce haka: jagoran tafiya, wanda shi kaɗai zai riƙa magana da kamfanin mota da kuma ofishin gidan, ma'aji, wanda zai karɓi kuɗi ya ba da rasit, mai kula da yara da matasa, sai kuma wata daga zumuntar mata da za ta tsaya a kan abinci. Kwamitin da ya kai mutum goma ba ya gama taro, kuma kowa a cikinsa yakan ɗauka cewa ɗan'uwansa ya riga ya buga wayar da babu wanda ya buga.

A wannan zama na farko ne ya kamata magatakarda ya tuntuɓi kamfanin inshorar ikilisiya, ya sanar da su cewa za a yi fita a rana kaza da mutum kaza, ya nemi su tabbatar a rubuce cewa inshorar ta ƙunshi abin da zai iya faruwa a wajen ginin majami'a. Sau da yawa za su buƙaci takardar nazarin haɗurra, wato shafi ɗaya ko biyu da aka jera abubuwan da ka iya jawo matsala, kamar ɓacewar yaro ko faɗuwar tsoho a kan matakala ko abincin da jikin wani ba ya karɓa, tare da abin da aka tanada a kan kowanne.

Mataki na biyu: zaɓen wuri da rana

Ya kamata jagora ya san wurin da zai kai mutane sosai, har ya iya ba da labarinsa a cikin mota. Chatsworth gidan iyalan Cavendish ne, masu riƙe da sarautar Duke na Devonshire, kuma filin yana hannunsu tun shekarar 1549. Yana bakin kogin Derwent, kusa da garin Bakewell, a cikin yankin tuddai da ake kira Peak District. Lambun da ke manne da gidan ya kai eka 105, bayan haka kuma akwai makiyaya mai faɗin kimanin eka 1,000 inda tumaki da barewa suke yawo a sake. Tun 1981 wata gidauniyar agaji ce take kula da gidan da lambun, kodayake iyalan suna zaune a wani sashe nasa.

Akwai wani kuskure da ake yawan yi wanda ya kamata a gyara tun da wuri. Mutane da dama suna da katin zama memba na ƙungiyar National Trust, wadda aka kafa a 1895 kuma take riƙe da ɗaruruwan gidaje da lambuna, sai su ɗauka cewa katin zai shigar da su ko'ina kyauta. Chatsworth ba ya ƙarƙashin wannan ƙungiya, saboda haka katin ba ya aiki a can. Idan masu katin suna da yawa a ikilisiyarku kuma kuɗi ya zama abin dubawa, to Hardwick Hall da ke kusa da Chesterfield, ko Lyme da ke kusa da Stockport, duka na National Trust ne, kuma tsarin da ke cikin wannan bayani zai yi aiki a kansu ba tare da wani babban canji ba.

Game da rana, Asabar ce ta fi dacewa, tunda Lahadi ta sujada ce. Watan Yuni da farkon Yuli sun fi armashi, domin furanni sun buɗe, rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, kuma makarantu ba su shiga dogon hutun da ke farawa a ƙarshen Yuli ba, lokacin da wuraren shaƙatawa suke cika maƙil. A guji ƙarshen makon da ya haɗu da Litinin ɗin hutun gwamnati ta ƙarshen Mayu ko ta ƙarshen Agusta, saboda cunkoson hanya. A kuma duba kalandar gidan, domin akwai babban bikin baje kolin karkara da ake yi a filinsa wajen ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, wanda ke tara dubban motoci a 'yan ƙananan hanyoyin da ke kewaye. A tsayar da ranar aƙalla wata uku kafin lokaci. Dalilin haka a bayyane yake ga duk wanda ya san jama'armu a can: da yawa ma'aikatan jinya ne da masu kula da tsofaffi, waɗanda ake fitar musu da jadawalin aiki makonni kafin lokaci, kuma idan ba su nemi hutun Asabar da wuri ba, ba za su samu ba.

Mataki na uku: ɗaukar shatar mota

Nan ne kuɗi mafi yawa yake tafiya, kuma nan ne ya fi kamata a natsu. A nemi farashi a rubuce daga kamfanoni uku, a ba kowanne bayani iri ɗaya: inda za a ɗauki mutane, lokacin tashi, inda za a je, lokacin barin can, da yawan kujeru. Manyan bas-bas na shata yawanci suna da kujeru 49 ko 53 ko 57, akwai kuma matsakaita masu kujeru talatin da 'yan kai. Duk kamfanin da ke ɗaukar fasinja don kuɗi dole ne ya mallaki lasisin gudanar da sufurin jama'a, kuma ana iya duba sunansa a shafin intanet na gwamnatin Birtaniya cikin 'yan mintoci. Idan wani ɗan ikilisiya ya ce yana da aboki mai mota da zai yi arha, a gode masa, sannan a duba lasisin abokin kamar yadda aka duba na sauran.

Tambayoyin da za a yi wa kamfani kafin a ba da kafin alƙalami su ne waɗannan. Shin akwai banɗaki a cikin motar, kuma yana aiki? Shin motar tana da na'urar ɗaga keken guragu, idan akwai mai bukata, tunda ba kowace take da ita ba kuma sai an nema tun farko? An yarda a ci abinci a ciki, kuma nawa ne tarar ɓata kujera? Kuɗin ajiye mota a can yana cikin farashin ko daban ne? Nawa za a ƙara idan aka wuce lokacin dawowa da rabin sa'a? Kuma zuwa wace rana za a iya fasawa ko a sauya zuwa ƙaramar mota ba tare da asarar kafin alƙalamin ba? Wannan ta ƙarshe ita ce ke ceton baitulmalin ikilisiya idan sunaye suka kasa cika.

Dole ne jagora ya fahimci dokar da ta ɗaure direba, domin a kanta ake gina jadawalin wunin. Direban babbar bas ba zai yi tuƙi fiye da sa'a huɗu da rabi ba tare da hutun minti 45 ba, kuma tuƙinsa na wuni bai kamata ya wuce sa'a tara ba, sai dai an yarda ya kai goma sau biyu a mako. Akwai na'ura a cikin motar da ke rubuta kowane minti, saboda haka roƙo ko ban-baki ba su da amfani a nan. Lissafin kuma yana farawa ne daga lokacin da ya bar garejin kamfani, ba daga ƙofar majami'arku ba. Bugu da ƙari, an saka wa waɗannan motoci abin taƙaita gudu a kan kilomita 100 cikin sa'a, don haka lokacin da manhajar taswira ta waya ta nuna, wanda na ƙaramar mota ne, sai a ƙara masa aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu. Daga Sheffield tafiyar ba ta kai sa'a ɗaya ba. Daga Manchester a ware sa'a ɗaya da rabi ko fiye kaɗan, domin hanyar ta bi ta cikin tuddai tana lanƙwashe-lanƙwashe. Daga Landan kuwa, inda za a bi babbar hanyar M1 a sauka ta Chesterfield, tafiyar takan kusa sa'a huɗu kowane ɓangare, kuma a ganina bai dace a ɗora wa tsofaffi da ƙananan yara sa'a takwas a kujera don wunin sa'a huɗu ba. Ikilisiyar da ke Landan gara ta nemi gida mafi kusa, irin su Blenheim da ke kusa da Oxford.

Wasu za su ba da shawarar a ari ƙaramar bas mai kujeru 16 ɗan ikilisiya ya tuƙa. Hakan yana da nasa sharuɗɗan na lasisin tuƙi da na izini idan ana karɓar kuɗi daga fasinja, kuma mai tuƙin ba zai ji daɗin wunin ba. Idan mutane sun wuce ashirin, shatar babbar bas ta fi kwanciyar hankali.

Mataki na huɗu: tikitin rukuni da lissafin kuɗin kowa

Manyan gidaje irin wannan suna da ofishin da ke kula da baƙi masu zuwa a rukuni, kuma sukan rage farashi idan mutane sun kai wani adadi, wanda a wurare da yawa 15 ne. A rubuta musu da wuri, a faɗi rana da yawan manya da yara da masu bukata ta musamman, a tambayi ko direba da jagora suna shiga kyauta, da ranar da za a ba da adadin ƙarshe, da kuma ko akwai wani sashe na gidan ko na lambun da aka rufe don gyara a wannan lokaci. Akwai tikiti iri-iri: na gida da lambu tare, na lambu kaɗai, da na gonar dabbobi da filin wasan yara. Bai kamata a tilasta wa kowa tikiti mafi tsada ba. Uwa mai yara uku 'yan ƙasa da shekara bakwai ba za ta amfana da zagayen ɗakunan da aka hana taɓa komai ba, lambu da gonar dabbobi sun ishe ta.

Lissafin kuɗin mota yana da ƙa'ida ɗaya da ba a karya ta: kada a raba kuɗin a kan dukkan kujeru. A ce, don misali kawai, an ba ku mota mai kujeru 53 a kan fam 800. Idan aka raba da 53, kowa zai biya fam 15 da 'yan kai, amma da zarar mutum goma sun fasa, giɓin fam 150 ya hau kan ikilisiya. A raba da 40, kowa ya biya fam 20, sannan duk wanda ya ƙaru bayan na arba'in, kuɗinsa ya tafi ga ruwan sha da akwatin taimakon gaggawa da kyautar direba, da kuma biya wa waɗanda ba su da hali. Wannan batu na ƙarshe a yi shi a asirce tsakanin fasto da ma'aji, domin ɗalibin da kuɗin makaranta ya sha masa kai ko gwauruwar da ke fama da haya ba za su ɗaga hannu a gaban jama'a su ce ba su da shi ba, sai dai su ce suna da wani uzuri a ranar.

A yi sanarwa a sujada Lahadi uku a jere, a kuma aika ta a zauren WhatsApp na ikilisiya. Suna ba ya shiga takarda sai an biya rabin kuɗin, sauran kuma a kammala mako uku kafin tafiya. Na taɓa ganin takarda mai sunaye sittin ta koma mutum talatin da ɗaya a safiyar tafiya, saboda an amince da "insha Allahu zan zo" a maimakon rasit. Kowane yaro, ko da ƙarami ne, a ƙirga masa kujerarsa, kuma a tambayi kamfani abin da suka tanada game da kujerun jarirai.

Mataki na biyar: takardun yara da na lafiya

Yaron da ya zo da iyayensa yana hannun iyayensa wunin gaba ɗaya, kuma a faɗi haka ƙarara a cikin sanarwa. Wanda zai zo ba tare da su ba, sai iyayen sun sa hannu a takardar amincewa mai ɗauke da lambar wayarsu da bayanin duk wani magani ko abincin da jikinsa ba ya karɓa, kuma babban da zai kula da shi ya zama wanda ikilisiya ta riga ta tantance ta hanyar binciken DBS, wato binciken da hukuma ke yi ko mutum yana da tarihin aikata laifi, kamar yadda ake yi wa malaman makarantar Lahadi. Kada babba ɗaya ya keɓe da yaran wasu shi kaɗai. Su zama biyu a kowane lokaci. Manya ma a ba su 'yar takarda su rubuta wanda za a kira idan wani abu ya same su, da cutar da ya kamata a sani, kamar ciwon suga ko asma ko farfaɗiya. Waɗannan takardu a saka su a ambulan guda a hannun jagora, a lalata su bayan an dawo, domin dokar kare bayanan mutane ta ƙasar ba ta yarda a ajiye su babu dalili ba. A nemi izinin iyaye kuma kafin a saka hoton yaransu a Facebook na ikilisiya.

Mataki na shida: zuwa duba wurin

Mako biyu ko uku kafin ranar, mutum biyu daga kwamiti su je da ƙaramar mota su taka wurin da ƙafarsu. Su auna tazarar da ke tsakanin inda bas ke sauke mutane da ƙofar shiga, su ga inda banɗakuna suke, su nemi inuwa ko rumfar da mutum hamsin za su iya fakewa idan ruwa ya sauko, su zaɓi wuri guda mai sauƙin ganewa da zai zama matattara. Lambun Chatsworth a jikin tudu yake, wasu hanyoyinsa masu hawa ne, wasu kuma tsakuwa ce, kuma a cikin gidan akwai matakala da yawa, kodayake akwai lif ga masu bukata. Idan akwai wanda zai bukaci aron keken guragu, a yi rajistarsa tun wannan rana. Su kuma gwada wayoyinsu a sassa daban-daban, domin sabis yakan yi rauni a kwarurrukan yankin.

Mataki na bakwai: abinci

Abincin shagunan wurin yana da tsada ga iyali mai mutum biyar, saboda haka yawancin ikilisiyoyi da guzurinsu suke zuwa. A tabbatar daga ofishin gidan inda aka yarda a shimfiɗa tabarma a ci, a kuma sani cewa hura wuta ko gashin nama ba abin da ake yarda da shi ba ne a irin waɗannan wurare. Abin da ya fi dacewa shi ne wanda za a ci da hannu ba tare da ɗumamawa ba: soyayyen kaza, ƙosai, fanke, cincin, dafaffen ƙwai, burodi, lemu da ayaba, sai zoɓo a gorunan da ke rufuwa sosai. Idan zumuntar mata ta dage a kan dafa-duka, to a dafa ta da asubar ranar, a zuba a kula mai riƙe zafi, a cinye ta da azahar, kada a raba ragowarta a hanyar dawowa, domin shinkafar da ta wuni da ɗumi-ɗumi tana saurin ɓata ciki. Duk abin da aka sa wa gyaɗa ko ƙuli-ƙuli ko yajin tsire a rubuta a jikin mazubinsa, saboda a cikin yaran da aka haifa a can akwai waɗanda gyaɗa ke iya kai su asibiti. A zo da manyan ledojin shara, a kuma zuba wa direba nasa kason.

Mataki na takwas: ranar tafiya

A sanar da cewa haɗuwa ƙarfe 8:30 ce, tashi kuma ƙarfe 9:00, sannan a tashi ƙarfe 9:00 ɗin da gaske. Jinkirin da muka saba da shi a bukukuwa ba shi da wuri a nan, domin tikitin shiga gidan yana da ƙayyadadden lokaci, kuma mintocin da aka ɓata da safe daga wunin kowa ake cire su. Jagora ya tsaya a ƙofar mota da takarda, ya kira suna ya yi alama. Ƙirga kawuna kaɗai ba ya nuna wane ne ya ɓace. Kujerun gaba a bar wa tsofaffi da masu jin jiri a mota. Kowane yaro a ɗaura masa 'yar takarda a hannu mai lambar wayar jagora, ba tare da rubuta sunan yaron ba. Bayan fasto ya yi addu'ar tafiya, jagora ya tunatar da cewa doka ta wajabta wa duk mai shekara 14 zuwa sama ɗaura bel, yara kuma iyayensu su ɗaura musu, sannan ya maimaita lokacin komowa mota sau biyu. Waƙa a hanya tana cikin daɗin tafiyar, amma a yi ta a zaune, a kuma nemi yardar direba kafin a fito da ganga.

Da isa, a kai kowa matattara tukuna su gan ta da idonsu, sannan a kasa jama'a rukuni-rukuni na mutum goma zuwa goma sha biyu, kowanne da shugabansa. Masu shiga gida su ware kimanin sa'a ɗaya da rabi, su bar manyan jakunkuna a mota, masu jarirai kuma su tambaya game da keken turawa, domin a tsofaffin gidaje sau da yawa goyo ko saɓa yaro ake so a yi. A ciki akwai babban zaure mai zane a rufinsa, da ɗakin sujada na iyalan da aka gina a ƙarshen ƙarni na 17, da zauren mutum-mutumin farin dutse.

Lambun ne ya fi cancantar a ba shi lokaci, kuma a nan ne ɗan labari daga bakin jagora yake ƙara wa kallo daraja. Akwai matakalar ruwa da aka fara ginawa a 1696, wadda ruwa ke gangarowa a kanta daga saman tudu. Akwai maɓuɓɓugar da ake kira Emperor, wadda Joseph Paxton ya gina a 1844 domin ziyarar da ake sa ran Sarkin Rasha Nicholas na Ɗaya zai kawo, ziyarar da ba ta auku ba. Babu injin da ke tura ruwanta, nauyin ruwan tafkin da aka haƙa a kan tudu ne kawai yake cilla shi sama, kuma ya taɓa kaiwa kimanin mita 90. Shi Paxton ɗin yana matashi aka ba shi shugabancin lambun a 1826, ya gina katafaren ɗakin gilashi na renon tsire-tsiren ƙasashe masu zafi, wanda aka rushe a 1920, kuma a gurbinsa ne yanzu aka shuka shingen nan mai ruɗaɗɗun hanyoyi da yara ke son ɓacewa a cikinsa. Abin da ya fi ba jama'armu mamaki shi ne labarin ayaba: irin da ake kira Cavendish, wanda shi ne ya cika kantunan Turai a yau, sunan iyalan wannan gida ya ɗauka, domin a nan Paxton ya rene shi a cikin ɗakin gilashi a shekarun 1830. Mai riƙe da ayabar guzurinsa a hannu yakan dube ta sau biyu idan ya ji haka.

Ikilisiya za ta so ta ɗan yi sujada, kuma babu laifi a ciki muddin an tuna cewa wurin mallakar wasu ne, akwai kuma sauran baƙi da suka biya kuɗinsu don su sami natsuwa. Addu'a da gajeren karatu da waƙa ɗaya a ƙarƙashin itace bayan cin abinci sun wadatar. Lasifika da raba takardun wa'azi kuwa sai da izinin masu gida, kuma gara kada a nema. Idan ana son wuri na musamman, akwai majami'ar Saint Peter a ƙauyen Edensor, tafiyar kimanin minti 20 a ƙafa ta cikin makiyayar, inda aka binne Paxton da kuma Kathleen, ƙanwar shugaban Amurka John F. Kennedy, wanda ya ziyarci kabarin a 1963. Majami'ar Angilika ce mai sujadarta, saboda haka a rubuta wa limaminta tun da wuri idan ana son rukuni ya shiga ya yi addu'a. Masu ratsa makiyayar su bi ƙa'idar karkara: a bar kowace ƙofar shinge yadda aka same ta, kada a ba tumaki ko barewa abinci, kada yara su kore su, kuma kada a tsinki fure.

Ruwan sama a Derbyshire ba ya sallama. Kowa ya zo da rigar ruwa ko laima da takalmi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, ko da hasashen yanayi ya ce rana za a yi. Anko yana da kyau a hoto kuma yana taimakawa wajen hango 'yan rukuni daga nesa, amma a sa rigar sanyi a ƙarƙashinsa.

Mataki na tara: komowa

Idan direba zai tayar da mota ƙarfe 4:30, a ce wa jama'a ƙarfe 4:00, kuma ƙarfe 3:45 shugabannin rukuni su fara tattaro mutanensu, su bi da su ta banɗaki. Shagon tsaraba ne yake riƙe mutane fiye da komai, don haka a tura mutum ɗaya ya tsaya a ƙofarsa. A sake kiran suna ɗaya bayan ɗaya kafin a rufe ƙofa. Idan an rasa wani kuma wayarsa ba ta shiga, a sanar da ma'aikatan gidan nan take, domin suna da rediyon hannu kuma sun san lungunan lambun. Lambar gaggawa ta ƙasar 999 ce, ta neman shawarar likita a kan abin da ba na gaggawa ba kuma 111. Wanda ya yanke shawarar komawa a motar wani ɗan'uwa da ya zo daban, dole ne ya gaya wa jagora baki da baki.

Kusa da gida a zagaya da leda a kwashe shara, a miƙa wa direba ambulan ɗin kyautarsa tare da godiya a gaban kowa, a duba saman kujeru da ƙarƙashinsu. Masu kula da yara kada su bar harabar majami'a sai an miƙa yaro na ƙarshe ga iyayensa. Ranar Lahadi ma'aji ya karanta abin da aka tara da abin da aka kashe a lokacin sanarwa, ya manna kwafin a allo, magatakarda kuma ya rubuta sunan kamfanin motar da farashinsa da ainihin lokacin da aka ɗauka a hanya, ya ajiye a fayil domin kwamitin baɗi.